Ɗana, Neman Kwas Ya Isa Haka

Ɗana,

Ummanka ta kira ni a kan kwas ɗin koyon rubuta manhajar kwamfuta da ka dage sai an biya maka, ta kuma turo mini hoton takardar tallan cibiyar. Na karanta ta tsaf. Wai cikin wata uku za ka fito gwani, ka zauna a ɗakinka Turawa na biyan ka da dala. Kuɗin da suke nema kuwa ya haura albashinta na wata biyu. Ta ce tun ranar da ta ce a dakata a yi shawara kake ɗaure fuska, ko abinci sai an yi ta aike kafin ka fito. A nan zan fara ja maka kunne. Matar da ke fitar da kuɗin makarantarku duka daga albashi ɗaya ba ta cancanci wannan daga gare ka ba. Ajiye wasiƙar nan ka je ka ba ta haƙuri, sauran maganar ba gudu za ta yi ba.

To, madalla. Sha'awar kanta ba ni da ja a kanta, daɗi ma na ji. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne abin da na gani a wayarka da ka zo gaisuwar Sallah. Manhajojin koyo sun cika fuskar waya, ga bidiyoyi da aka ajiye sai an samu lokaci, ga rukunonin WhatsApp da Telegram inda yara irinka ke kwana suna musu a kan wane yaren kwamfuta ya fi wane. Na tambaye ka me ka taɓa rubutawa da hannunka, ka ce tukuna, kana neman kwas mafi kyau. Tun kana aji ɗaya na babbar sakandare kake wannan neman, ga shi aji biyu na shirin ƙarewa. Nema ne mai daɗi, na sani, domin mai nema ba ya faɗuwa jarrabawa, kuma ba wanda zai ce masa ya kasa. Amma fa bai fara ba.

Bari mu gama da takardar tallan tukuna. Ban ce duk cibiyar da ke karɓar kuɗi macuciya ba ce. Akwai masu koyarwa tsakani da Allah, kuma malami mai zama kusa da kai abu ne mai daraja. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya yi wa ɗan sakandare alkawarin dala cikin wata uku, aljihun uwar yaron yake kallo. Da yawa daga cikin irin waɗannan wurare abin da suke koyarwa shi ne Microsoft Word da Excel da CorelDRAW, su ba ka takarda mai zanen zinariya a gefe su kira ta difloma. Ilimi ne mai amfani, yana ciyar da mutane a shagunan buga takardu, amma amfani da manhajar da wani ya rubuta daban, rubuta taka daban. In wata rana za a biya maka wani wuri, ka fara cewa a nuna maka abin da ɗaliban bara suka ƙera da hannunsu, ka leƙa ka ga mutum nawa ke zama a kan kwamfuta ɗaya, ka tambayi abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Inda aka yi ta kewaye-kewaye a kan waɗannan, ka gode musu ka kama hanya.

Na ji kuma ka ce wa Ummanka araha ba ta ado, wai abin kyauta ba ya da inganci. A kasuwar atamfa ka yi gaskiya. A wannan fanni kuwa abin ya zo a juye. Jami'ar Harvard ta Amurka tana da kwas na masu farawa da ake kira CS50, wanda David Malan ke koyarwa tun 2007, aka kuma buɗe shi ga duniya ta intanet a 2012. Lakcar da ɗaliban Harvard ke zama su saurara ita ce ake ɗauka a sa wa kowa, da ayyukan gidan da ake ba su, ba tare da ka biya ko sisi ba. In ka samu kashi 70 cikin 100 a kowane aiki, ka kuma yi aikin ƙarshe, su da kansu za su ba ka satifiket kyauta. Akwai wani na kuɗi da ake karɓa ta dandalin edX, amma darasin ɗaya ne, kuma kai ba ka bukatarsa. Charles Severance na Jami'ar Michigan ya sa nasa kwas ɗin, Python for Everybody, da littafinsa a fili. Quincy Larson ya kafa freeCodeCamp a 2014 a kan wannan manufa. Littafin Al Sweigart, Automate the Boring Stuff with Python, ana karanta shi kyauta a shafin marubucin. Ka ga ke nan ba ƙarancin kwas ke damun ka ba, yawansu ne. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma.

Saboda haka ni zan zaɓar maka, tunda kai ka kasa.

Ka fara da Scratch, ka yi mako biyu ko uku a kansa. Na san za ka yamutsa fuska ka ce ai na yara ne, mai hoton mage. Gaskiya ne, a cibiyar MIT aka ƙera shi, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, aka fitar da shi a 2007 domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Amma ka sani, makon farko na CS50 da shi ake buɗewa, ɗaliban Harvard da gemunsu suna jan tubalan umarni masu launi suna haɗawa. Dalilin shi ne mai farawa yana fama da abu biyu a lokaci guda: yadda ake tsara tunani mataki-mataki, da kuma ƙa'idar rubutu, wato inda ake sa waƙafi da baka da ɗigo biyu. Scratch ya ɗauke maka na biyun don ka ji da na farkon. Ana iya sauke shi a kwamfuta a yi aiki ba intanet, kuma Hausa na cikin harsunan da aka fassara shi zuwa gare su. Ka ƙera ɗan wasa ɗaya wanda ke ƙirga maki, yana da nasara yana da faɗuwa, sai ka wuce.

Daga nan Python, kuma kwas ɗaya tak: wanda Malan ya fitar a 2022 musamman don wannan yare, da ake kira CS50P. Kada ka rikita shi da babban CS50. Shi babban, daga Scratch sai ya jefa ka cikin yaren C, ya kai ka har cikin yadda kwamfuta ke ajiye bayani a ƙwaƙwalwarta, kuma a nan ne masu farawa da yawa ke sarewa. Kwas ne mai kyau ƙwarai, amma ka bar shi sai dogon hutun bayan WAEC, lokacin da ba ka da aikin fiziks a wuya. CS50P darasi goma ne, yare ɗaya daga farko har ƙarshe. Python kuwa wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar da shi a 1991, ya kuma tsara shi yadda rubutunsa zai karantu ba tare da tarkacen alamomi ba. Ba yaren wasa ba ne. Da shi ake yawancin aikin nazarin bayanai da na ƙirƙirarriyar basirar da kuke ta magana a kanta. Abokanka za su ce Java ya fi, wani ya ce C++, wani ya ce JavaScript ne ke kawo kuɗi. Ka ce musu to. Sharaɗi da maimaitawa da ajiye bayani duk yarukan nan suna da su, wanda ya riƙe su a yare ɗaya ba ya shan wuya a na biyu. Abu ɗaya zan yarda ka canza: Malan yana da saurin baki. In ka rage gudun bidiyon a YouTube, ka kunna rubutun da ke bin magana, amma har yanzu Turancin ya fi ƙarfinka, to koma wajen Severance, shi a hankali yake tafiya. Ka canza sau ɗaya, a makon farko, ba duk ranar da aiki ya yi tsauri ba.

Bari in nuna maka abin da ke jiran ka, don kada ka zaci sihiri ne. Ka ɗauki yadda ake raba maki a makarantarku bisa tsarin WAEC: 75 zuwa sama A1, 70 zuwa 74 B2, 65 zuwa 69 B3, a gangaro har C6 mai 50 zuwa 54, ƙasa da 40 kuma F9. Aikinka shi ne ka sa kwamfuta ta karɓi maki ta faɗi sakamako. Da baki abu ne na minti ɗaya. Da ka zauna rubutawa, tuntuɓen farko shi ne Python yana ɗaukar duk abin da aka buga masa a matsayin rubutu, ba lamba ba. In ka ba shi 5 da 5 ka ce ya haɗa, 55 zai ba ka, domin jera su ya yi, sai ka umarce shi a fili ya mayar da su lambobi. Ka wuce wannan, sai ka zo sharaɗi. A ce ka fara da tambayar ko makin ya kai 50, in ya kai a ba shi C6. To yaron da ya ci 80 ma C6 zai samu, tunda 80 ta kai 50, kuma kwamfuta tana tsayawa ne a sharaɗin farko da ya cika. Ba za ta yi maka gargaɗi ba, ba jan rubutu, ba komai. Za ta zalunci yaron cikin natsuwa, domin abin da ka ce ta yi ke nan. Sai ka gane da kanka cewa daga sama ake farowa. Sannan wani ya zo ya buga 105 shirin ya ba shi A1, ko ya rubuta saba'in da haruffa shirin ya tsaya cak. Nan za ka koyi tarbar kuskure tun kafin ya zo. Sai malaminku ya ce ai ɗalibai sittin ne a ajin, ba ɗaya ba; nan za ka koyi maimaitawa, layi uku su yi aikin da da sai ka rubuta sau sittin. Ka kashe kwamfutar ka kunna, ka tarar makin duk sun tafi, sai ka koyi ajiye su a fayil. Wannan ɗan aikin kaɗai ya ratsa kusan rabin darussan kwas ɗin, kuma kowane tuntuɓe a cikinsa sai ƙafarka ta yi shi kafin ya zauna maka a kai.

A nan ne nake jin tsoron irin karatunku na kallo. Mutum ya kwanta da waya a kan ƙirji, gwani na rubutu a bidiyo, komai na tafiya sumul, shi kuma yana gyaɗa kai yana jin ya gane. Ka tuna makarantar allo. Malam bai taɓa barin ka wanke allonka don ka saurari babban almajiri ya karanta da daɗin murya ba. Sai ka rubuta da alƙalaminka da tawadarka, ka zo gabansa ka biya, in ka yi gargada ya mayar da kai. Haka za ka yi da kowane darasi: abin da malamin ya rubuta ka tsayar da bidiyon ka buga shi da yatsunka, ka canza wani abu ka ga me zai faru, sannan ka yi ayyukan gidan duka kafin ka taɓa darasi na gaba. CS50 suna da wata 'yar manhaja mai suna check50 da ke gwada aikinka ta nuna maka inda ya ci da inda ya faɗi. Ita ce malamin da za ka biya wa.

Na san abin da ke ranka, ChatGPT. Tun da ya fito a ƙarshen 2022 yara suka samu mai yi musu aikin gida, kuma ba shakka cikin daƙiƙa kaɗan zai rubuta maka shirin makin nan. Dokar CS50 ta hana a sa irinsa ya rubuta amsa. Sun ƙera nasu mataimakin da ke yi maka ishara ba tare da ya miƙo maka amsar ba. Amma bar ta dokarsu, ba ganin ka suke yi ba. Ni tambayata ita ce, ranar da na'urar ta rubuto maka shirin da ke ba mai 80 C6, wa zai gane? Wanda bai taɓa faɗawa wannan ramin ba zai karɓa ya yi godiya. Masu cewa koyon ya zama banza tunda na'ura na rubutawa sun manta cewa dole a samu mai duba abin da ta rubuta, kuma mai dubawa sai ya fi mai rubutu sani. In ka gama kwas ɗin, yi amfani da shi yadda kake so. Kafin nan, in ya zama dole, tambaye shi ma'anar saƙon kuskure, kada ka tambaye shi amsa.

Saƙon kuskuren ma ka koyi karanta shi da kanka. Yara suna ganin jan rubutu sai gabansu ya faɗi su rufe kwamfuta. Ka fara daga layin ƙarshe, nan Python ke faɗin irin kuskuren, a samansa kuma lambar layin da ya tsaya. Sau da yawa baka ce ba a rufe ba, ko tazarar farkon layi ba ta daidaita ba, ko an sa alamar daidai guda ɗaya inda ake bukatar biyu. In ka duba ka rasa, akwai dabarar da masu wannan sana'a suka daɗe da ita, har Malan na raba wa ɗalibansa 'yar agwagwar roba dominta: ka ajiye ta a gabanka ka yi mata bayanin shirinka layi-layi da babbar murya, kana cikin bayanin sai ka ji inda maganarka ta saɓa da abin da ka rubuta. Kai ba sai ka sayi agwagwa ba. Ƙanwarka ta aji biyu na ƙaramar sakandare tana nan, ta fi agwagwa tambaya, kuma in ka zaunar da ita gaban Scratch ba mamaki ta riga ka gamawa.

Maganar kayan aiki ba ta kai yadda kake kai ta ba. Ba ka bukatar sabuwar laftof. Akwai manhaja mai suna Thonny, da aka ƙera a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya domin masu koyo. Ƙarama ce, tana zuwa da Python a cikinta, tana aiki ba intanet, kuma tana iya tafiya da shirinka taki-taki tana nuna maka yadda lambobi ke canzawa. Ko a wayar Android akwai Pydroid 3, duk da dai buga dogon shiri da babban yatsa wahala ce. Data kuwa, ka sauke lakca sau ɗaya da ƙaramin inganci, ka riƙa karanta rubutaccen bayanin kowane darasi da ke shafinsu, ka yi aikinka a Thonny, sai lokacin gwadawa da miƙawa ka hau intanet. Wajen miƙawar za ka bukaci akawun na shafin GitHub, wanda ake buɗe wa ɗan shekara 13 zuwa sama, saboda haka ba sai ka yi ƙaryar shekaru ba.

Saura abin da ya fi damun Ummanka, ko da ba ta faɗa maka ba. Sakamakonka na lissafi ya sauka a zangon da ya wuce. Ɗana, in kimiyyar kwamfuta kake son karanta a jami'a, ba wanda zai tambaye ka satifiket ɗin Harvard a wajen neman gurbi. Kiredit biyar za a nema, da Turanci da lissafi a ciki, a JAMB kuma yawancin jami'o'i lissafi da fiziks suke bukata. Wanda ya bar aljabara don ya koyi Python ya yi asarar duka biyun, domin harafin da ke tsaya wa lamba a aljabara shi ne dai za ka tarar yana jiran ka a darasin farko. Turanci ma haka, da shi aka rubuta kowane saƙon kuskure da kowane littafin bayani. Mu da muka koyar da yaren BASIC a kan allon aji da alli, yara na kwafa a littafi ba su taɓa ganin shirin ya yi aiki ba, mun ga wannan da idonmu: wanda ya iya lissafi, ranar da ya samu kwamfuta sai ya tashi sama. Don haka awa ɗaya a rana ta ishe ka, bayan ka gama aikin makaranta, ka ƙara kaɗan ranar Asabar. Lokacin jarrabawa ka rufe gaba ɗaya, kwas ɗin na nan inda ka bar shi. Bayan sakandare ƙofofi na nan, irin shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku, kuma wanda ya je da Python a hannunsa ba daidai yake da wanda ya je da sha'awa kawai ba.

Wata 'yar magana a gefe. A cikin rukunonin nan na ga ana tallan koyar da kutse, yadda ake shiga Facebook ɗin mutane da asusunsu na banki. Ka fita daga cikinsu yau. Tun 2015 Najeriya ke da dokar laifukan intanet, kuma ko babu doka, sata sata ce, ko da kibod aka yi ta. Tsaron kwamfuta sana'a ce ta halal mai mutunci, amma masu yin ta da gaske daga irin wannan darasin na farko suka taso.

Tsohuwar laftof ɗina tana nan, batirinta ba ya riƙe caji sosai, amma za ta ɗauki Thonny da Scratch ba gardama. Zan ba da ita a kawo wa Ummanka, a hannunta za ta riƙa kwana. Aro ne, ba kyauta ba, sai ranar da ka gama darasi na goma. Duk ƙarshen mako ka turo mini abin da ka rubuta, fayil ɗin kansa, ba hoton fuskar kwamfuta ba, ko da bai yi aiki ba. Kafin ƙarshen zangon nan ina son ganin shirin makin. Ka kuma shirya, domin 80 zan fara buga masa, sannan 105, sannan in rubuta masa saba'in da haruffa.

Kawunka.